Hoton mai juna biyu a ɗakin gida: fitila ɗaya gare ni, cikin ya ƙi fitowa

Ummi Zariya: Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Ƙaramarku ce a wannan harka, har yanzu hoton suna da na walimar sauka nake yi, yawanci a gidajen mutane. Kwanan nan na gyara ɗaki ɗaya a gidanmu na mayar da shi ɗan situdiyo, sai ga aikin da ban taɓa yi ba ya zo. Wata baiwar Allah ce mai cikin fari, wata bakwai, tana son hotunan ajiya, ita da mijinta kawai za su gani. Ta ce mace take so ta ɗauke ta, kuma a cikin gida, shi ya sa aka haɗa ta da ni.

Abin da nake da shi: Canon 700D, lens 50mm f/1.8 da 18-55 ɗin da ya zo da kyamarar, filasha ɗaya Godox TT600 da tiriga mai tayar da ita daga kan kyamara, farar lema ta tausasa haske, sai fitilar zobe irin ta masu kwalliya. Ɗakin ƙafa 12 ne da 14, bango ruwan madara, silin fari kuma ba shi da tsayi, taga ɗaya.

Na gwada da ƙanwata, ta cusa filo a cikin abaya. Hoto ya fito wasai, amma cikin babu shi, sai ka ce mace ce kawai mai jiki. Ga goshinta na ƙyalli, ga inuwarta manne da bango. Don Allah me ya kamata in saya? Asabar mai zuwa za ta zo.

Khalifa Kaduna: Wa alaikumus salam Anti Ummi. Gaskiya TT600 da lema ba za su ba ki irin hotunan da kike gani a Instagram ba. Ki nemi AD200, filashar da ta fi taki ƙarfi, ki haɗa da babban sofbos, wato akwatin yadi mai tausasa haske, mai kusurwa takwas, sannan siririn sofbos mai raga na baya. Fitila biyu su ne mafi ƙaranci a wannan aikin. Idan kuɗi bai kai ba ki yi haya na rana ɗaya.

Baba Mai Hoto, Fagge: Khalifa, bar yarinya ta riƙe kuɗinta tukuna. Ummi 'yata, tambaya ɗaya: da kika ɗauki ƙanwar taki, a ina lemar take tsaye?

Ummi Zariya: Kusa da ni Baba, a gefen kafaɗata ta dama. Na kunna fitilar zoben ma a gaba don fuskar ta yi haske.

Baba Mai Hoto, Fagge: To nan gizo yake saƙar. Ba kayanki ne suka gaza ba, wurin da kika ajiye su ne. Hasken da ya taso daga inda kyamara take, shafe inuwa yake yi, kuma inuwa ce take nuna wa ido cewa abu yana da tudu. Yau da daddare ki kife ƙwarya a kan tebur, ki kashe wutar ɗaki, ki haska ta da tocilar waya daga daidai idonki. Za ki ga fai-fai. Sai ki zagaya da tocilar zuwa gefe a hankali, za ki ga tudun ƙwaryar yana tasowa, gefe ɗaya haske, gefe ɗaya yana duhu sannu-sannu. Aikin ke nan gaba ɗaya.

Ranar Asabar ki tsayar da ita ta ba ki gefe, ko ta ɗan karkato kaɗan, kada ta fuskance ki kai tsaye. Lemar ki kai ta ɓangaren da fuskarta da cikinta suke kallo. Ba a gabanki ba, a gefenta, har ma ki ɗan tura ta baya da ita kaɗan. Ki ɗaga ta sama da kanta, ki sunkuyar da ita tana kallon ƙirji da ciki. Haske zai sauka a goshin cikin, ɓangaren da ke kallonki kuma ya shiga inuwa. Fitilar zoben nan ki kashe ta, ki bar wa masu kwalliya kayansu.

Inuwar bango kuwa, kin jingina yarinya da bango ne. Ki janyo ta gaba kamar taki biyu. Da zarar haske ya koma gefe, inuwar za ta faɗi can waje da hoton.

Malam Nura: Ni dai ku yi haƙuri, ba zan iya wucewa ban yi magana ba. Yaushe muka fara hoton ciki a ƙasar Hausa? Iyayenmu mata cikin fari ɓoye shi suke yi, ko sunansa ba a ambata a gaban manya, da ya tsufa a tafi goyon ciki gidan iyaye. Yanzu kuma har da neman fitilar da za ta fito da shi? Duk abin da aka gani a waya sai an kwaso. Ni ko nawa za a ba ni ba zan ɗauka ba.

Anti Bilki, Abuja: Malam Nura, ai ba kai aka kira ba, mace ta ce tana so. Ka sake karanta abin da Ummi ta rubuta: mace ce za ta ɗauki mace, a cikin gida, da suturarta, hoton na miji da mata ne. Wanda kake gani a waya, mai buɗe ciki a waje, wani abu ne daban, kuma cikin matan da suke zuwa wurina ban taɓa samun 'yar Arewa da ta nemi irinsa ba. Da yawansu ma sai bayan suna suke karɓar hotunan, saboda tsoron baki. Kunyar tana nan, ba ta je ko'ina ba.

Malam Nura: Hajiya, yau na ajiya ne, gobe waya ta ɓace ko kishiya ta gani. Hoto ba ya riƙe sirri.

Anti Bilki, Abuja: Wannan maganar taka kam gaskiya ce, kuma zan dawo kanta, domin nauyi ne a wuyan mai hoto. Amma ba dalili ba ne na a bar yarinya ta yi aiki marar kyau.

Shugaban zaure: Malam Nura mun ji ra'ayinka, kuma akwai masu irinsa a nan da yawa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da aikin ba ya bar shi, babu tilas. Tambayar haske aka yi, mu koma kanta.

Khalifa Kaduna: Baba na yarda da maganar gefe, amma ka duba ɗakin da ta faɗa. Ƙafa 12, bango mai haske, silin fari a kusa. Farar lema rabin haskenta gaba yake tafiya, rabi ya koma baya ya daki bango da silin ya dawo. Inuwar da kake so ta samu, ɗakin da kansa zai cike ta. Shi ya sa na ce sofbos, saboda bayansa a rufe yake, inda ka nuna shi nan yake zuwa.

Baba Mai Hoto, Fagge: Yanzu ka yi magana, yaro. Wannan haka yake. Sai dai maganinsa ba sai AD200 ba. Ƙarfin wuta ba shi ne matsalarta ba, a ɗaki kamar wannan TT600 ko rabin ƙarfinsa ba za ta ƙure ba. Abu biyu za ta yi. Na farko ta matso da lemar kusa da matar sosai, kamar tsawon hannu da rabi, sai ta rage ƙarfin filashar. Haske idan ka ninka nisansa sau biyu, kashi ɗaya cikin huɗu ne yake isa. To idan lema tana mita 1 daga matar, bango yana mita 2 ko 3, abin da bangon zai samu ya maido kaɗan ne. Na biyu ta sami baƙin yadi marar ƙyalli, yadi huɗu ya isa, ta rataya a bangon gefe da matar ta juya wa baya, wato wanda ke fuskantar lemar. Baƙi shanye haske yake, ba ya mayarwa. Mu nan Kwari muke shiga mu yanko, ita ma ba za ta rasa a kasuwar Sabon Gari ta Zariya ba. In ta samu kuɗi daga baya ta sayi sofbos, ban hana ba, amma TT600 ɗin nan nata zai shiga cikinsa da ɗan maƙali kawai.

Ummi Zariya: Allah ya saka da alheri Baba. To saitin kyamara fa? Ni a f/1.8 na ɗauka, wato na buɗe ƙofar lens gaba ɗaya, don baya ya dushe.

Khalifa Kaduna: Kai, a'a Anti. A 1.8 idan kin sa ido ya fito, hannun da ke kan ciki zai dushe, in kin sa hannu fuska ta tafi. Ki fara da f/5.6, ISO (yadda kyamara take jin haske) 100 ko 200, shota (saurin ɗauka) 1/160 na daƙiƙa. Kada ki wuce 1/200 a 700D da wannan filashar, in kin wuce za ki ga baƙin layi ya cinye gefen hoton. Filasha ki fara a 1/8 na ƙarfinta, ki ɗauka ki duba, ki ƙara ko ki rage daga tiriga. Kuma ki ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da ya fi karɓar gyara. Dushewar baya ba da lens kaɗai ake samunta ba, nisanta da labule ma yana yi.

Anti Bilki, Abuja: Bari in shigo da abin da mazan nan ba za su gaya miki ba, ƙanwata, domin ba su ne suke tsayawa da matan ba. Kaya su ne rabin aikin nan. Tun da mu cikinmu a rufe yake, yadin da ke kansa shi haske yake taɓawa. Abaya mai faɗi daga ƙirji take zubowa tsaye har ƙasa, ko fitila goma kika kunna tanti za ki ɗauka. Ba sai ta sa matsattsun kaya ba. Doguwar riga mai laushi wadda take kwanciya a jiki ta isa, sai ta ɗora hannu ɗaya a saman cikin, ɗayan a ƙasansa ta ɗan tattare yadin. Hannun ƙasan nan shi ne yake zana cikin. In ta yi lalle ma ya fi, jan lalle a yatsu a kan yadi mai launi ɗaya hoto ne da kansa, ki matso ki ɗauki hannuwan kawai ba fuska. Sau da yawa wannan ne suke fi so, don shi ne za su iya nuna wa 'yan uwa ba kunya.

Atamfa mai manyan zane tana cinye siffar ciki, ido zanen yake bi. Leshi mai duwatsu kuma duk dutse sai ya mayar miki da filasha. Ki ce ta zo da kaya kala biyu ko uku, ɗaya ya zama launi ɗaya ba zane: ruwan ƙasa, ruwan toka, kore mai duhu, ja mai duhu.

Sai babban gargaɗi. Wancan hasken bayan da Khalifa yake magana, wanda yake zana layin haske a gefen jiki, yana da kyau ƙwarai, musamman in kayan baƙaƙe ne labulen ma baƙi. Amma haske daga baya ratsa yadi yake. Lafaya, shifon, mayafi marar kauri, duk wanda ido yake gani a rufe a cikin ɗaki, filasha daga baya sai ta fito da ƙafafu da cinya ƙarara. Ke ba za ki lura a ƙaramin allon kyamara ba sai kin buɗe a kwamfuta. Ki ce ta sa dogon siket ko wando mai kauri a ciki, sannan hoton farko ki zuƙo shi ki duba daga ƙugu zuwa ƙasa kafin ki ci gaba. In ya ratsa, ki goge a gabanta.

Malam Nura: To kun ji. Abin da nake faɗa ke nan.

Anti Bilki, Abuja: Shi ya sa ake koyo kafin ranar, Malam.

Yusufu Maraɗi: Salamu alaikum. Ni ina ganin kun manta da tagar da ta ambata. Mu nan da yawanmu da taga muka fara, kuma har yanzu in mace ce mai jin kunya na fi son taga, domin walƙiyar filasha tana sa mutum ya ƙame. Ummi, tagar taki ina take kallo? In arewa ko kudu ce, mafi yawan yini rana ba ta shigowa kai tsaye, hasken mai laushi ne. In gabas ko yamma ce, ki rataya farin zanin gado a jikinta lokacin da rana take bugunta, shi ke nan kin sami sofbos da ya fi na kasuwa girma. Ki tsayar da matar tana kallon tagar, taki ɗaya ko biyu daga gare ta, ke kuma ki tsaya a jikin bangon da tagar take, kina ganinta ta gefe. Daidai abin da Baba ya ce, sai dai abin da idonki ya gani shi kyamara za ta ɗauka, ba sai kin yi ta gwaji ba. Lokacin hunturu ma da hazo ya rufe rana, ko zanin ba ka buƙata.

Ummi Zariya: Gabas take kallo Malam Yusufu. Da safe rana har tsakar ɗaki.

Yusufu Maraɗi: To ki sa zani da safe, ko ki jira wajen ƙarfe 11 rana ta haye. Amma saitin Khalifa na filasha ne, a taga ba zai yi ba. Ki buɗe zuwa f/2.8, ISO 400 ko 800, shota kada ta yi ƙasa da 1/125 in a hannu kike riƙe. Kuma ki kashe ƙwan ɗaki. Hasken rana wajen 5500 yake a ma'aunin launi, ƙwai mai ruwan ɗorawa wajen 3000. In suka haɗu, gefen fuska ɗaya shuɗi ɗaya ja, da wuya gyara ya daidaita su.

Khalifa Kaduna: Taga kyauta ce amma ba ta da alƙawari. Hadari ya taso ko matar ta makara, shi ke nan. Filasha kuwa batir huɗu ne, ko an ɗauke wuta ba ruwanki. Abin da zan ƙara, in har za ki yi amfani da fitila mai ci kullum irin zoben nan a kan wutar gari ko janareto, masu arha suna kyaftawa ido ba ya gani, sai ki ga layi-layi ko launi yana canzawa daga hoto zuwa hoto. Wutarmu mai zagaye 50 ce, sai ki tsaya a shota 1/50 ko 1/100. A janareto ma wani lokaci hakan ba ya hanawa.

Sista Rabi: Ni ba mai hoto ba ce sosai, sha'awa ce ta kawo ni zauren nan, aikina ungozoma ce a asibiti. Ummi, ga nawa. Filasha ba ta yi wa abin da ke ciki komai, in ta tambaye ki ki kwantar mata da hankali. Abin da zai dame ta shi ne tsayuwa da zafi. Mai wata bakwai in ta daɗe a tsaye wuri ɗaya jiri yana iya ɗibarta, balle a ɗakin da aka rufe taga aka rataya baƙin yadi. Ki ajiye kujera mai ƙarfi a kusa, ruwa, da fanka mai caji. Ki riƙa cewa ta zauna tun kafin ta nema, domin mai cikin fari kunya ba za ta bar ta ta ce ta gaji ba. Kada ki kwantar da ita rigingine ta daɗe, nauyin cikin yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. In hoton kwance kike so, ta kishingiɗa ta gefe, hagu ya fi. Takalmi mai tsini a bar shi, rigar ai ta rufe ƙafa. Wayoyi da ƙafafun sandar lema ki kawar da su daga hanya, ita ba ta ganin gaban ƙafarta. Turaren wuta ma ki tambaye ta kafin ki sa, wasu ƙamshi yana tayar musu da zuciya har ƙarshe.

Kuma lokacin da ta zaɓa ya yi daidai. Daga sati 28 zuwa 34 ciki ya fito sosai, jiki bai gama nauyi ba. In aka bari ya shiga wata tara, ƙafa da fuska sukan kumbura, ita kanta ba za ta so hoton ba.

Ummi Zariya: Sista na gode ƙwarai, wallahi ban kawo maganar kwanciyar nan a raina ba.

Na sake gwadawa da ƙanwata yanzu, lema a gefe, baƙin zanin Mama a bango. Baba, filon ya zama ciki! Har ita sai da ta yi dariya da ta gani. Saura matsala biyu. Gefen fuskar da ke kallona ya yi duhu da yawa, idonta ɗaya kamar babu. Sannan da 50mm ba na iya ɗaukarta daga kai har ƙasa, bayana ya riga ya taɓa bango.

Baba Mai Hoto, Fagge: Madalla. Na fuskar, kafin ki ƙara komai ki fara juya ta. Jiki ya tsaya yadda yake, fuskar kawai ta ɗan juya wajen lemar, har sai kin ga ɗan haske mai kusurwa uku ya sauka a kumatun da ke cikin inuwa, ƙarƙashin ido. Masu hoto suna kiransa da sunan Rembrandt, wani mai zane ɗan ƙasar Holan da ya rayu a ƙarni na 17, domin haka fuskokin zanensa suke. Idan kika ga ɗigon haske a cikin idanu biyu, kin isa. In ta sunkuyar da kai tana kallon cikin, ki ce ta miƙa haɓa gaba kaɗan tukuna, in ba haka ba wuya zai ninku.

In duk da haka duhun ya yi yawa, ki sami farin soso irin na cikin kwalin firji, ko farin kwali babba. Ƙanwarki ta riƙe shi a ɓangarenki, daidai tsayin fuska. Fuska kawai, ban ce ciki ba. In kika cike inuwar cikin, kin koma gidan jiya. Ki matso da shi ki ja da shi baya har ya yi miki.

Khalifa Kaduna: Na lens kuma lissafi ne Anti. 50mm a kan 700D kamar 80mm yake, saboda ƙaramin sensa. Kafin ki ɗauki mutum tsaye gaba ɗaya sai kin ja baya fiye da mita 4, ɗakinki kuma duka-duka mita 4 da 'yan kai ne, ga shi kin janyo ta daga bango. Ko ki buɗe ƙofa ki tsaya a waje ki ɗauko ta cikin ƙofar, ko ki sa 18-55 ɗin a wajen 35mm. A f/5.6 ko f/8 lens ɗin nan ba shi da laifi ko kaɗan, raina shi kawai ake yi. Kada dai ki sauka 18mm ki matso, abin da ya fi kusa da ke zai kumbura. Kyamara a daidai tsayin cikin, ba daga sama ba. 50mm ki bar shi na rabin jiki da na hannuwa.

Ummi Zariya: Ƙyallin goshin fa? Ya ragu amma yana nan. Matar kuma baƙa ce sosai, mai kyau, ina tsoron kada ta ɓace a baƙin labule.

Anti Bilki, Abuja: Fata mai duhu ba ƙarin wuta take so ba, faɗin haske take so. In fitila ƙarama ce ko tana nesa, sai ta bar ɗigon ƙyalli mai zafi a goshi da hanci. In babba ce kuma tana kusa, ƙyallin sai ya bazu ya zama sheƙi mai laushi, kuma wannan sheƙin shi ne kyan baƙar fata, kada ki kashe shi duka. Ki matso da lemar, ki ɗan kautar da tsakiyarta ta wuce gaban matar, gefen hasken ya shafe ta. Ki ajiye tishu tana dannawa a goshi, ba gogewa ba. Mai kwalliya kuma ki ce ta sassauta farar hodar ƙasan ido, wasu suna yin fari fat a filasha.

Labule ba dole baƙi ba. Baƙin yadin na gefe ne, na bayan hoton ki sa ruwan toka ko ki bar bangonki mai ruwan madara. Tun da lema tana kusa da ita nesa da bango, zai fito da ɗan duhu da kansa.

Don Allah kuma kada ki mayar da ita fara a kwamfuta. Ciki yakan sa wuya da fuska su ƙara duhu, wasu su yi tabo a kumatu. Ki tambaye ta abin da take so a rage, kada ki yanke mata.

Khalifa Kaduna: Anti Bilki, a nan kam sai a hankali. Kwastomomi da yawa in ba ka ɗaga musu haske ba cewa suke ba ka iya ba. Na sha gani.

Anti Bilki, Abuja: Akwai su. Amma ka lura, yawanci abin da suke ƙi shi ne hoton da ya fito dishi-dishi, fata ta yi toka-toka saboda haske bai isa ba ko launi ya karkace. In ka ba mace kalarta ta gaskiya tana sheƙi, kaɗan ne suke cewa a ƙara. Wadda ta nace, kuɗinta ne, sai a ɗaga kaɗan. Ni dai ba na fara kai mata fara.

Baba Mai Hoto, Fagge: Zamanin fim mai wanki ne yake yanke wannan hukunci, sai ka je karɓa ka ga amarya ta zama wata. Ummi, ki sa ta riƙe farar takarda a hoton farko, a cikin hasken da za ki yi aiki da shi. Da ita za ki daidaita launin sauran duka.

Ummi Zariya: Yanzu ta turo saƙo wai mijin zai shigo a hoto biyu ko uku, kuma farar shadda zai sa. Yaya zan yi da fitila ɗaya?

Khalifa Kaduna: Farar shadda sabuwar bugu, ga filasha a kusa? Za ta ƙone fat, aikin wuyan ma ba za a gani ba. In zai yarda ya sa ruwan toka ko shuɗi ya fi.

Baba Mai Hoto, Fagge: Ba a gaya wa magidanci kayan da zai sa a gidan mutane, Khalifa, sai dai ita matar ta lallaɓa shi. In ya zo da fararsa, ki tsayar da shi a bayanta, ita ce kusa da lema shi yana nesa. Nisan zai rage masa wuta, jikinta kuma zai tare rabin shaddar. Ki ɗan ja lemar baya, ki ƙara ɗaga ta don inuwar ɗankwalinta kada ta faɗa masa a fuska, ki koma f/8 ki ƙara ƙarfin filasha daidai da haka. Ki kunna alamar nan ta kyamara mai kyaftawa inda fari ya ƙone. In kafaɗa ce kawai take kyaftawa, bar ta. In duk ƙirjin ne, rage.

Anti Bilki, Abuja: Kuma ranar ki sa wani babba na gidanku ya san da zuwansa, ƙanwarki ta zauna a ɗakin tana riƙe miki soso. Sai maganar da na ce wa Malam Nura zan dawo kanta. Katin nan kada ya bar hannunki. Kada ki kai wa yaran shago su gyara miki, kada ki tura wa kowa a WhatsApp don ya duba miki haske, har da mu nan zauren. In tambaya gare ki, da hoton ƙanwarki da filonta za ki yi. In za a wanke a saka a firem, ki tambaye ta wanne ta yarda mai wanki ya gani, ki tsaya a kansa har ya gama ya goge. Ku yi magana tun kafin ki ɗauka: wata nawa za ki ajiye, yaushe za ki goge, kuma ko na hannuwa ba za ki sa a shafinki ba sai ta faɗa da bakinta, mijin ma ya sani.

Malam Nura: In dai za a kiyaye wannan, to da sauƙi. Ra'ayina yana nan yadda yake, amma Allah ya sauke ta lafiya.

Ummi Zariya: Amin Malam. Anti Bilki, to ta wace hanya zan ba ta hotunan in ba ta waya ba?

Anti Bilki, Abuja: Ki sayi ƙaramin filas na ajiye fayil, wanda ake soka wa kwamfuta, ki saka kuɗinsa a cikin kuɗin aiki, ki ba ta hannu da hannu. In ta ce lallai sai ta waya, ki tura wa lambarta ita kaɗai a matsayin fayil don kada ingancin ya ragu, ta tabbatar ta sauke, sannan ki goge daga taki wayar.

Khalifa Kaduna: Batir kuma ki yi cajin saiti biyu tun daren Juma'a. TT600 in batir ya fara sanyi sai ki danna ta ƙi tashi, ki bar mai ciki a tsaye tana jira.